Gurbi Ɗaya a Katin Asibiti

Shekarar da nake ajin ƙarshe a lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, damina ta yanke mana tun gero na goyo. Ya fitar da kai, ya tsaya yana jiran ruwan da zai cika masa ido, ruwan bai zo ba. Abin da muka ɗaure a gandu bai rufe gindin rumbu ba. Wake ko harawa bai bari ba. Kafin sanyi ya wuce mata sun fara shiga daji neman dilo, ƴaƴan anzar nan masu ɗaci da sai an yi ta jiƙawa ana zubar da ruwa kafin su ciwu. Ana cikin haka, wata rana rediyo ya bar magana ya koma kiɗan soja, zuwa yamma aka ce mulki ya sake hannu. A ƙauyenmu, can bayan Maijirgi, ba wanda ya tashi daga inda yake zaune. Babana ya ce, "To, su ma su zo su gani," ya ci gaba da tufkar igiyarsa.

Gidanmu ba shi da yawa a lokacin. Ƴan'uwana mata duk sun yi aure a wasu garuruwa. Saura Baba da Inna, da Yaya da matarsa da ɗiyarsu mai shan nono, sai ni auta da ke zuwa gida in an sami hutu. Yaya shi ne ɗan fari. Kakarmu ta wajen uba ce ta ɗauke shi tun daga yaye, a ɗakinta ya girma, kuma ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". In ya gaishe ta da safe ta amsa tana duban murhu. In ta dafa abin da ta san yana so, ba za ta ce nasa ne ba, sai ta tura kwanon wajen matarsa ta ce, "Ɗauke min wannan, ya tare min hanya." Ni kuwa tana iya kirana sau goma kafin azahar, ta taɓa goshina, ta ce na rame. Ba wanda ya ga aibin haka. Kunyar ɗan fari ce, har a gidajen biki ana yabon Inna da ita.

Ni mutum ne mai tsoro, irin tsoron da ba ya fitowa a fuska. Ba ni da yawan magana. Duk takardar da ta faɗo hannuna sai na karance ta, har ta cikin kwalin magani mai ƙananan rubutu. Shekara guda kafin nan, maƙwabcinmu ya sayar da gonar da ya gada don a yi wa matarsa magani, ya koma yana ƙwadago a cikin gonar a ƙarƙashin wanda ya saya. In na gan shi da hauya a kafaɗa sai gabana ya faɗi. Shekarar da rumbu ke cike ma ciwo ya ci gona, to ina ga shekarar da ba komai? Mun karanta a aji cewa akwai asirans na lafiya, mutum ya biya kaɗan tun yana kan ƙafarsa, ranar da ya kwanta a ɗauke masa nauyi. Sai na ƙudura zan bincika, ban gaya wa kowa ba.

Na fara da wani biro, ofishin masu asirans, kusa da tasha. Na wuce ƙofar har sau biyu kafin in iya shiga. Mutumin da ke ciki ya dube ni daga takalmi zuwa kai ya ce, "Moto ce ko mota?"

Na ce, "Mutum ne."

Ya yi dariya har ya dafa tebur. Amma ba mugu ba ne, ya ba ni kujera, ya buɗe wata takarda ya nuna mini da bakin alƙalami. Kuɗin shekara guda na mutum ɗaya ya fi abin da gandunmu ke bayarwa a shekarar albarka. Ya ce, "Ɗan'uwa, wannan na manyan ma'aikata ne da alhazai. Kai yi karatunka ka zama ɗaya daga cikinsu, sannan ka dawo." Na yi godiya, na fito ina jin kamar duk tashar ni take kallo.

Mai masaukina a Tasawa ɗan kasuwa ne, mai sayar da yadi. Su suna da asusunsu, suna zubi duk ranar kasuwa, in ɗayansu ya kwanta a ɗebo a ba shi. Da na tambaya a kaikaice, ya ce sai mai rumfa ake sawa, domin rumfar ce shaida. Mu ba mu da rumfa.

Na uku shi ne mitiyel, wata ƙungiyar taimakon juna da aka buɗe a wani ƙaramin ɗaki kusa da likita, wato ɗakin shan maganin da ƙauyukanmu ke zuwa. Wata mata mai tabarau ce ke riƙe da ita. Ta yi mini bayani a hankali, da ta ga ina rubutawa sai ta ƙara sassautawa. Ana biyan kuɗin shiga sau ɗaya, sannan kowane kai da nasa na shekara. Wanda ke kan kati, za a ɗauke masa mafi yawan kuɗin magani, da man ambilans in an tura shi babban asibiti, da wani kaso na aiki in ta kai ga a yanka. Sai an jira wata uku kafin kati ya fara aiki, don kada mutum ya zo ya shiga ranar da ciwo ya riga ya kama shi. Maigida dole ne a sa shi, bayansa kuma duk wanda aka iya biya wa. Kowa da hotonsa a kan katin.

Na ce, "In ba a iya sa kowa ba fa?"

Ta cire tabarau ta ce, "A sa wanda aka iya. Amma ka sani, ciwo ba ya karatu, ba ya duba kati kafin ya shiga gida."

Da na je gida hutun mako, na jira har aka gama cin tuwon yamma, sannan na kawo zancen, ina duban tabarma. Baba ya saurara har ƙarshe ya ce, "Wato mu biya kuɗin ciwon da bai zo ba? Kai auta, ba ka gudun a ce mun aika mashi goron gayyata?" Yaya ya kwashe da dariya. Na ɗauka magana ta mutu ke nan.

Sai Inna ta yi magana daga bakin murhu. Ta ce, "A saida jar akuyata."

Ita ce akuyar ƙarshe da ta rage a gidan. Baba ya ce in ma za a sayar, ai hatsi ya kamata a awo da kuɗin. Inna ta ce, "Hatsin zai ƙare kafin wata ya mutu. Akuyar tawa ce, kuma in ba a saida ba yunwa za ta riga mu." Ban taɓa jin ta yi wa Baba gardama a gabanmu ba sai ranar. Na yi murna a zuciyata, na ɗauka bayanina ne ya shige ta.

Abin da ban sani ba a lokacin shi ne, Yaya yana da ƙaba. Ta daɗe a jikinsa. In ya ɗaga kaya mai nauyi sai hanji ya sauko masa a matsematsi, ya zagaya bayan rumbu ya kwanta ya danna da hannu har ya koma. Ciwo ne da samari ke yi wa juna ba'a da shi, shi kuwa Yaya shi ne mai yi wa kowa ba'a, bai yarda a rama a kansa ba. Matarsa kaɗai ya gaya wa. Inna ba wanda ya gaya mata. Ta ga wani tsumma da yake ɗaurewa ciki da shi an shanya a bayan darni, ta ga yadda yake dafa amalanke kafin ya hau, ta gane. Wata rana ta yage gefen wani tsohon zanenta na saƙi mai ƙarfi, ta jefa wa matarsa ta ce, "Ku yi wani amfani da wannan." Matar Yaya ce ta ba ni wannan labari, bayan komai ya wuce.

Aka kai akuya kasuwa. Shekarar kowa sayarwa yake, ba mai saye, dabbobi tsaye da ƙasusuwa a waje. Abin da aka samu, bayan kuɗin shiga da na hoto, ya isa mutum biyu. Baba ɗaya, tunda dole ne. Saura gurbi ɗaya.

Muka zauna bayan la'asar a inuwar darni. Jaririyar ba ta cikin zance, tunda yara ƙanana ana duba su kyauta. Baba ya ce a sa Inna, akuyarta ce. Inna ta ce ita ciwonta bai wuce na gwiwa ba, man zafi ke maganinsa. Na ce a sa matar Yaya, ko za ta sake haihuwa. Ta harare ni ta ce, "Ji min maigida ƙarami! Wa ya ce maka ina da wani labari? Bari in yaye wannan tukun." Kowa na tura wa na kusa da shi, kamar lomar ƙarshe a cikin akushi.

Baba ya juya ya ce wa Inna, "To ke mi kika gani?"

Tana tsince dilo a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ni dai na san mai ɗaukar kaya shi ciwo ke bi."

Duk mun san wanda take nufi. Yaya ne ke dakon buhuna da amalanke ranar kasuwa, shi ne ke zuwa gina-ka-ci, inda ake haƙar ramuka a fako a ba mutum awon hatsi. Na ga matarsa ta dube shi da sauri. Shi kuwa ya tafa hannu ya ce, "Shi ke nan, Inna ta yanke. A sa jaki! Auta, ka tambayi matar nan, hoton jaki nawa ne?" Baba ya yi dariya har da tari. Ni ma na yi. Inna ta ci gaba da tsintar dilonta. Ta riga ta faɗi iyakar abin da uwa ke iya faɗi a kan ɗan fari a gaban mutane, ba ta da wata hanyar ƙarawa.

Yaya ya juyo kaina. Ya ce, "Ɗan lakwal, ɗan boko, kai da ba ka mance komai, gaya mana gaskiya. Cikin gidan ga wa ya fi zuwa likita?"

Na san amsar, kuma ban iya ƙarya ba ko a ƙaramin abu. Ni ne. Kusan kowace damina sai zazzaɓi ya kayar da ni, sau ɗaya har an yi mini ƙarin ruwa. Yaya kuwa tunda nake ban taɓa ganin an yi masa allura ba.

Ya ce, "To kun ji. Ga shi a garin mutane, ga jarrabawar bak tana zuwa. In ya kwanta ranar jarrabawa, duk wahalar shekarun ga ta tashi banza. Ni ƙarfe ne, sai dai tsatsa."

Baba ya gyaɗa kai. A lissafi maganar ba ta da makusa, ni da kaina na auna ta ban ga inda ta karkace ba. Inna ta tashi da faifanta ta shiga ɗaki.

Na ɗauki hoton a kasuwar Tasawa, wajen wani mai hoto da injinsa ya tsufa. Ya fito dishi-dishi, fuskar ta yi duhu, idanun sun faɗa. Da na kai katin gida Yaya ya karɓa ya ɗaga shi sama ya ce, "Kai! Wanga ai ni ne in na kwana uku ban ci ba." Gaskiya ne muna kama, goshi ɗaya, haɓa ɗaya, shi dai ya fi ni cika da faɗin kafaɗa. Shi bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba a rayuwarsa. Ya ce kuɗin hoto gara ya sha shayi da su.

Bazarar shekarar ta yi tsawo. Garin ya watse, samari sun ƙetara Najeriya cin rani, wasu gidajen har da mata da yara, aka toshe ƙofofinsu da ƙaya. Yaya bai tafi ba, saboda ba mai kula da su Baba. Jakin ma ya rame har ba ya iya jan amalanke cike, sai Yaya ya riƙa sauka yana turawa ta baya. Ni ina Tasawa ina karatu ƙarƙashin fitilar bakin titi tare da ƴan ajinmu. Katin yana cikin ledar da nake ajiye takardar haihuwata. Lokaci-lokaci in fito da shi in duba, in ji sanyi a raina, kamar na ɗaure wa gidanmu wani abu. Ko ciwon kai ban yi ba a watannin nan.

Ruwan farko ya sauka saura ƴan kwanaki a fara bak. Washegari duk mai sauran numfashi ya fita shuka. Yaya ne ke sara, matarsa da Baba na bi suna zuba iri. Kafin hantsi ƙabar ta sauko. Ya je gindin wata ƙalgo ya kwanta ya danna kamar yadda ya saba, ta ƙi komawa. Ya tashi ya ci gaba da sara, domin laima ba ta jira. Da azahar ya fara amai.

Ranar ba a kai shi ko'ina ba. Shi ya hana. Ya ce za ta koma, ta saba. Aka kira wanzami, aka ba shi jiƙo. Kashegari aka kai shi likita a amalanke, majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba ya ce wannan ba nasa ba ne, hanji ya maƙale, a wuce da shi babban asibiti yau, sai an yi aiki. Yaya ya tambayi abin da za a kashe. Da ya ji, sai ya ce a mayar da shi gida tukuna. Majo ya yi faɗa, ya yi lallashi, bai ji ba. Baba ya san abin da ke aljihunsa, kuma a shekarar ba gidan da za ka ƙwanƙwasa a ba ka rance.

A nan ne aka aiko mini. Na hau kabu-kabu da katin a aljihun gaba. Tun a hanya na gama shirya abin da zan faɗa.

Na same shi kwance a ɗakinsa, ya naɗe gwiwoyi, cikinsa ya kumbura, leɓɓansa sun bushe. Ya rame a kwana biyu har ya koma hoton da ke kan katin sak. Na durƙusa na ce, "Yaya, tashi mu tahi. Ga kati. A babban asibiti ba wanda ya san mu. Ka ce kai ne ni."

Ban taɓa shirya ƙarya ba sai ranar, kuma na shirya ta da kyau. Na gaya masa shekarar haihuwar da zai faɗa. Na ce ni zan riƙa amsa tambayoyi.

Ya dube ni, ya yi ƙoƙarin murmushi. Ya ce, "Auta, ashe kai ma ɓarawo ne, ba a sani ba."

Na ce, "Ba wasa nike ba."

Ya ce, "Ni ma ba wasa nike ba. In na shiga da sunanka, aka yanka ni, ban tashi ba, wa za su rubuta ya mutu? Kai. Sannan ka tahi zauren jarrabawa a ce maka ai kai gawa ne. Ka san mutanen ga da takarda, in sun rubuta sun rubuta." Ya tsaya ya ja numfashi. "Kuma kuɗin talakawa ne irinmu suka tara. Ban zuwa gaban Allah da sunan aro."

Na juya wajen Baba da ke tsaye bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ya faɗi gaskiya." Matar Yaya ta fita da gudu tana toshe baki da gyale.

Inna ba ta shigo ɗakin ba. Tun da aka kwantar da shi ba ta taka ƙofar ba, sai dai ta dama kunu ta ba matarsa, ta zauna a inda take iya jin nishinsa ta cikin zana. Da na fito na same ta tana fito da kwanoninta na jere, waɗanda ta tara tun aurenta, tana goge su da gefen zane tana sawa a buhu. Ta ce, "Auta, kai wannan wajen matar mai shago. Sun cika min ɗaki, ban da wurin juyawa." Baba kuma ya sa hula ya tafi wajen mutumin nan da ya sayi gonar maƙwabcinmu, ya jinginar masa da gonarmu ta fadama, wadda aka shuka shekaranjiya.

Kafin a haɗa wannan da wancan wani yinin ya tafi. Sai washegari da safe muka kai shi bakin kwalta a amalanke, muka sami mota. A asibiti ba su ɓata lokaci ba. Likitan ya taɓa cikin, ya tambayi yaushe abin ya fara, da aka gaya masa ya dubi agogo. Ko gama biya ba mu yi ba aka shiga da shi. Ni na tsaya a layin farmasi da ordinansi, takardar maganin da likita ya rubuta, a hannu, katin yana aljihuna, ina biyan kowane abu da kuɗin kwanonin Inna. Wani tsoho a gabana ya miƙa irin katina, aka ba shi magani, ya ba da ƴan canji ya wuce.

Da aka fito da shi likitan ya ce wani sashe na hanjin ya riga ya mutu, sun yanke, saura a ga abin da Allah zai yi. Yaya ya farfaɗo. Har ya yi magana. Ya tambaya ko shukar ta tsiro, ya ce a ba jaki ruwa. Ya ce mini, "Kai mi kake yi nan? Tahi ka yi karatu, kada ka faɗi ka ce ni ne." Zazzaɓi ya rufe shi daga baya. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, ina riƙe da ƙafarsa, domin hannuwan duk da allurar ƙarin ruwa. A takardar da suka ba mu sunansa ne a rubuce, daidai, na duba harafi bayan harafi.

A zaman makoki mata suka cika gidan. Matarsa ta yi kuka har muryarta ta dushe, ƴan'uwana mata ma haka. Inna na zaune a kan tabarma da carbi, idonta a bushe. In an yi mata gaisuwa ta ce, "Sai haƙuri. Allah ya ba uwar ɗiyarsa dangana." Kamar ita maƙwabciya ce da ta shigo taya su zama. Na ji wata tsohuwa na cewa, "Kun ga mace mai kunya, ko yau ba ta karya ba." Na tashi na bar wurin.

Na koma na rubuta bak, domin ban san abin da zan yi ba in ban rubuta ba. Na ci. Da sakamako ya fito ban ji komai ba, na dai tsaya gaban allo ina duban sunana, mai rai.

Daminar ta yi kyau, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gero ya yi tsawo har a gonar fadama, wadda wani ya girbe. Da shekarar kati ta cika ba mu sabunta ba. Ba akuyar da za a sayar, kuma ba wanda ya sake ɗaga zancen. Ni da Baba ba wanda ya yi amfani da shi ko sau ɗaya.

Ana gobe zan tafi Yamai karatu, ina shirya takarduna a tsakar gida da rana, kowace a ledarta. Inna ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce, "Wancan abin na likita, shina nan?"

Na ce yana nan, amma ya mutu, ba ya aiki yanzu.

Ta ce, "Mu gani."

Na miƙa mata. Inna ba ta karatu. Ta riƙe shi da hannu biyu, ta ɗan juya shi ya sami haske, ta kai shi kusa da ido. Ba hoton Baba take duba ba. Na ƙasan take duba, mai duhun nan, mai faɗaɗɗun idanu. Ta daɗe a haka, har kaza ta zo ta tsallake tabarmar ba ta kore ta ba. Ta sa babban yatsa ta share ƙura daga goshin hoton.

Sannan ta ce, "Bar shi a wurina. Kai yar da kaya gare ka."

Tunda nake ban taɓa yar da ko fensir ba, ita ma ta sani. Na ce, "To, Inna."

Ta kwance bakin zanenta, ta naɗe katin a ciki ta ƙulle, ta koma wajen murhu ta zauna ta ba ni baya.